Katunan Duba da Bugun Ƙasa: Yadda Ake Furta Ciwon Zuciya a Ƙasar Dakoro

Tsakure

A Turai da Amurka wata ɗabi'a ta yaɗu ta jan katunan duba domin mutum ya zauna ya yi nazarin baƙin cikinsa. Wannan maƙala ta auna ɗabi'ar da abin da ya fi kusa da ita a ƙasar Dakoro ta jihar Maraɗi, wato bugun ƙasa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, yawancin masu zuwa gaban mai duba suna ɗauke ne da maganar da kunya ta hana su furtawa a gida, rairayin kuma yana ba su kafar furta ta a kaikaice. Sai dai kafar tana da tsada ta fuskar addini da zumunci. Maƙalar ta dogara ne kan rubuce-rubucen malaman Musulunci da na masu nazarin al'umma, da kuma bin tsarin lissafin bugun ƙasar kansa.

Ƙasar da ake magana a kanta

Zan fara da ƙasar kafin in zo ga katin, don ciwon zuciyar mutanen kowane wuri yana ɗauko kamanninsa ne daga abin da suke rayuwa da shi.

Garin Dakoro yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Dakoro na da mutane fiye da dubu 600, bayan an cire mata Bermo a 2011. Kwarin Tarka ya ratsa ta, kuma a wannan sashe ne iyakar da dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo ta bi. Manoma Hausawa, Fulani makiyaya da Buzaye suna shan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, wani lokaci kuma suna rigima a kan burtali ɗaya. Dattawan wurin sun ga farin 1973 zuwa 1974. Sun ga yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro, a shekarar da ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a faɗin ƙasar. A 2010 dabbobi suka yi ta faɗuwa a makiyayar arewa, wajejen Gadabeji.

Rahotannin agaji sukan ƙirga buhuna da kawunan dabbobi. Ba su da gurbin da za a rubuta halin makiyayin da ya wayi gari da sanda kaɗai, ko uwar da ta koma gida daga cibiyar tamowa da zanen goyo a hannu, ko matar da mijinta ya tafi biɗa Libiya damina ta zagayo sau da yawa ba aike ba labari. Waɗannan su ne mutanen da nake nufi idan na ce ciwon zuciya. Ban da taɓin hankali irin wanda ake ɗaure mutum a kai shi asibiti. Wannan wani fage ne.

Katunan duba a inda suka fito

Tarihinsu gajere ne, ba kamar yadda masu sayar da su ke kururutawa ba. Katunan Tarot sun ɓulla a arewacin Italiya cikin ƙarni na 15 a matsayin karta ta wasa, guda 78. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa hikimar Misra ta dā ce a ɓoye cikinsu, da'awar da ba ta da tushe. Daga nan masu duba suka karɓe. Bayan rasuwar shahararriyar mai duba ta birnin Paris, Marie-Anne Lenormand, a 1843, aka yi ta sayar da wani jerin kati 36 da sunanta. Jerin Tarot da ya fi yaɗuwa a yau shi ne na 1909, da Pamela Colman Smith ta zana a Landan. Katunan da ake kira na duba a yanzu ba su da ƙayyadadden adadi: kowa na iya zana nasa, na mala'iku ko na dabbobi ko na itatuwa, ya haɗa da ɗan littafin fassara.

Sabon abin shi ne yadda da yawa daga masu amfani da su suka daina cewa suna hango gobe. Mutum zai ja kati ɗaya da safe, ya ga hoton hasumiya tana rushewa, ya tambayi kansa me ke rushewa a rayuwarsa, ya rubuta amsar a littafi. Wannan ya yi kusa da abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna yi: Hermann Rorschach ya fito da gwajin ɗigon tawada a 1921, Henry Murray da Christiana Morgan kuma suka fito da na hotuna a 1935, inda ake nuna wa mutum hoto marar bayani a ce ya ba da labarinsa. Abin da ya gani a hoton daga cikinsa ya fito. Akwai ma katunan OH na mai zane Ely Raman, 88 na hoto 88 na kalma, waɗanda ba ruwansu da duba, kuma ƙa'idarsu ita ce wanda ya ja kati shi kaɗai ke da ikon faɗin ma'anarsa. A riƙe wannan ƙa'ida, za mu koma kanta.

A bisa hanya: ko a can ma ba su tsira daga tuhumar addini ba. Doreen Virtue, wadda katunanta na mala'iku suka yi kasuwa matuƙa, ta yi tir da su a 2017 bayan ta rungumi Kiristanci gadan-gadan.

In aka kawo irin waɗannan katuna kasuwar Dakoro ko ta Kornaka, ba na tsammanin za su yi farin jini. Karta a idon Bahaushe 'yar gidan caca ce. Hotunan sarakunan Turai da kwarangwal ba sa tuna wa kowa komai. Amma aikin da katin ke yi, akwai mai yin sa tun da daɗewa.

Bugun ƙasa

Larabawa na kiransa zanen rairayi. Sunan da ya fi fice a littattafansa shi ne na Abu Abdullahi Muhammad al-Zanati, mutumin arewacin Afirka na wajejen ƙarni na 13, kuma Ibn Khaldun ya yi bayaninsa tare da sukarsa a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377. Ya ratso Sahara tare da fatake da malamai. Kada a ɗauka ilimin lissafin asirai sana'ar jahilai ce tun asali: Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi kan hatimai a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Misra.

Ga yadda ake yin sa. Mai duba ya baje rairayi a faifai ko a ƙasa. Ya sa mai tambaya ya ƙudurta buƙatarsa, sau da yawa ya ɗora tafin hannunsa a kan rairayin. Sai ya yi ta ɗiga layuka da yatsa ba tare da ƙirgawa ba, har layi 16. Kowane layi sai a soke ɗigo bibbiyu, abin da ya saura ko ɗaya ne ko biyu. Layi huɗu su ba da siffa guda mai hawa huɗu, kowane hawa ɗigo ɗaya ko biyu. Da yake hawa huɗu ne kuma zaɓi biyu ne, siffofin duka 16 ne, ba ƙari. Huɗun farko su ne littattafan Larabci ke kira uwaye. A karanta su a gicciye a fitar da 'ya'ya huɗu, a yi ta haɗa bibbiyu har a iso ga shaidu biyu da alƙali. Shimfiɗar da za ta iya fitowa daga uwayen nan guda 65,536 ce. Amma akwai wani abu da masu lissafi suka lura da shi: da yake kowane ɗigo na asali sau biyu yake shiga lissafin alƙali, jimillar ɗigon alƙali ba ta taɓa zama mara, don haka siffa 8 kaɗai cikin 16 ke iya hawa wannan kujera. Gwanin mai duba da wannan yake gane ya yi kuskuren lissafi.

Abu biyu ne suka fi jan hankalina a nan, kuma su ne ƙashin bayan maƙalar.

Na farko, gidajen. Kowace siffa tana sauka a wani gida, kowane gida da sha'aninsa: na farko na mai tambaya ne kansa, na biyu dukiya, na uku 'yan'uwa, na huɗu iyaye da gida, na biyar 'ya'ya, na shida ciwo, na bakwai aure, na takwas mutuwa, na tara tafiya, na goma sarauta da mulki, na sha ɗaya fata, na sha biyu maƙiya. Wanda duk ya taɓa zama da mai damuwa zai gane wannan jeri. Da wuya a sami abin da ke hana ɗan Adam barci wanda bai faɗa ɗaya daga cikinsu ba. Mai duba yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana magana, idonsa rabi a rairayi rabi a fuskar baƙonsa. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ya iso gidan 'ya'ya ya ga mace ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ya san inda zai tsaya.

Na biyu, sunayen. A littattafan Larabci siffofin na da sunaye irin su Ɗariƙ da Jama'a da Humra da Bayad. Amma a tsarin da ya yaɗu tsakanin masu bugun ƙasa na ƙasar Hausa da zangunan Gana, sunayen annabawa da manyan bayin Allah aka ba su: Yusufu, Adamu, Mahadi, Idirisu, Ibrahim, Isa, Umaru, Ayuba, Sulaimanu, Ali, Nuhu, Yunusa, Usmanu, Musa da sauransu. Malamai na da ja a kan jingina sunayen annabawa ga irin wannan aiki, kuma jan nasu na kan hanya. Sai dai mai nazari dole ya tambaya me ya sa sunayen suka kama. Amsar a fili take. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ko ya saurari tafsirin azumi a rediyo ya san wanda 'yan'uwansa suka jefa rijiya, aka yi masa ƙazafi, ya sha kurkuku, daga bisani ya ɗaukaka. Ya san wanda ya rasa lafiya da dukiya da iyali bai butulce ba. Ya san wanda ya yi fushi ya bar mutanensa ya tsinci kansa cikin duhun cikin kifi. Da mai duba ya ce Ayuba ya sauka a gidanka, ya miƙa wa mutum labari cikakke da zai sa kansa a ciki, labarin da ke da farko da tsakiya da mafita. Katin Turai sai an haɗa shi da littafin fassara. Wannan fassararsa na cikin kan mai tambaya tun yana yaro.

Kunya da abu na uku

Me ya hana mutum ya faɗi damuwarsa kai tsaye ga ɗan'uwansa? Tarbiyyarmu ce ta hana. A laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. Bafulatani na da fulakunsa, Buzu ma na da irin tasa kunyar mai tsanani, musamman gaban surukai. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari yana raye, ba a sa ran ta yi kururuwa in ya rasu. Masu ta'aziyya za su ce a yi haƙuri, ta amsa da godiya, kwana bakwai a watse. Magidancin da garkensa ya ƙare ba zai zauna a majalisa ya ce tsoro yake ji ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan tarbiyya ta riƙe al'umma a shekarun da ba abin riƙewa, ba na raina ta. Amma abin da aka haɗiye ba ya ɓacewa. Yakan dawo da sunan ciwon kai, faɗuwar gaba, zafin ƙirji, rashin barci, a je ɗakin shan magani a karɓo ƙwaya, bayan sati biyu a koma.

A gaban mai duba lamarin ya sauya. Mutum biyu ba sa kallon juna, dukansu rairayi suke kallo. Ba matar ce ta ce kishiyarta ta hana ta sakat ba, ƙasa ce ta nuna. Ita dai ta ce haka ne. Ba ta tona asirin gidanta ba, ba ta yi rashin kunya ba, amma maganar ta fito, wani ya ji. Wannan shi nake kira abu na uku, kuma shi ne ainihin abin da katin duba da bugun ƙasa suka yi tarayya a kai. Victor Turner ya ga irin haka wajen Ndembu na Zambiya, inda mai duba ke girgiza kwando mai ƙananan sassaƙe-sassaƙe, ya nuna cewa abin da ake tonowa a zaman shi ne rikicin da ke kwance tsakanin dangi.

Bori ma ya yi wannan aiki a ƙasar Maraɗi, a ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Tsibirin Gobir, inda iska ke faɗin abin da goɗiyarta ba ta isa ta faɗa ba. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsa a kwarin Maraɗi a 1972, Adeline Masquelier kuma a Dogon Dutsi a 2001. Tun da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya shigo Maraɗi ta hannun 'yan kasuwa, fagen bori ya yi ta ƙanƙancewa. Bugun ƙasa bai sha irin wannan kaye ba, don ba ya buƙatar goge ko taro. Zaure da labule sun ishe shi, yanzu ma har ta wayar salula.

Tsadar kafar

Kada mai sauraro ya zaci talla nake yi wa masu duba. Hukuncin shari'a a nan ba mai rikitarwa ba ne. Alƙur'ani ya keɓe sanin gaibu ga Allah a aya ta 65 ta Suratun Namli, ya kuma haramta neman rabo da kibau a Suratul Ma'ida. Muslim ya ruwaito gargaɗin rashin karɓar sallar kwana 40 ga wanda ya je wa mai duba da tambaya. Masu sana'ar kan kafa hujja da hadisin Mu'awiya ɗan Hakam, mai ambaton wani annabi da ya kasance yana zane, amma Imam Nawawi ya bayyana cewa ba mu da hanyar tabbatar da dacewa da zanen wancan annabi, saboda haka hani ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya soki masu da'awar sanin gaibu ta zanen ƙasa a Nurul Albab. Ma'anar wannan ga mai ciwon zuciya ita ce, yakan fito daga zauren da sauƙi a gefe guda da nauyin zunubi a ɗaya gefen, ga kuma sabon sirrin da zai ɓoye.

Sai batun dacewa. A 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa 39 takarda, kowa ya zaci bayanin halinsa ne shi kaɗai, alhali rubutu ɗaya ne da ya tsinto daga littafin taurari. Da ya ce su auna dacewarsa, matsakaicin makin ya haura 4 cikin 5. A ƙasar da kusan kowane gida ke da matafiyi da majinyaci da bashi, wanda ya ce na ga tafiya, na ga ciwo, na ga kuɗin da suka maƙale, da wuya ya faɗi ƙasa.

Amma ɓarnar da ta fi damuna tana gida na sha biyu. Evans-Pritchard, a littafinsa na 1937 kan Azande, ya kawo misalin rumbun da ya faɗo kan masu hutawa a inuwarsa. Kowa ya san gara ce ta ci ƙafafunsa. Tambayar ita ce don me sai a wannan sa'a, kan waɗannan mutane. Mai baƙin ciki wannan tambaya yake ɗauke da ita, kuma amsa mafi arha ita ce da sa hannu. Sammu ne, jifa ne, kurciya aka yi wa yaron shi ya sa bai waiwayo gida ba, farraƙu aka shiga tsakaninku. Mai duba ba ya ma buƙatar kama suna. Ya ce wata mace ce doguwa da kuke cin abinci tare, sauran aikin mai tambaya zai ƙarasa a hanyarsa ta komawa gida. A nan bugun ƙasa ya rabu da waccan ƙa'ida ta katunan OH. Can mai ciwo ke fassara, tambayar kuma na komawa kansa: me zan yi da abin da ya same ni? Nan wani ke fassara, wanda abincinsa ya dogara ga a dawo, yatsa kuma na nuna waje. Wanda aka gaya wa cewa duk abin da ya same shi aikin maƙiya ne, an rufe masa ƙofar duba nasa hali. Ga kuɗin sadaka da na turare da na baƙin bunsuru, a gidan da mudun hatsi ke gagara lokacin bazara.

Abin da ma'aikacin lafiya zai iya ɗauka

Afirka ta riga ta gwada koyo daga masu maganin gargajiya ba tare da sallama musu ba. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann na Dakar daga 1959. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008 domin ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya kula da damuwa a inda babu ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa. A Harare, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa zama shida, kuma gwajin da mujallar JAMA ta buga a 2016, mai mutum 573, ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi ƙwarai.

Shawarata ga masu irin wannan aiki a Dakoro ita ce su lura da dabarar zaman. Tambayar me ke damunki, ido cikin ido, a ɗakin da ake jiyo layin masu jira, amsarta lafiya lau. A sa wani abu a tsakani. Ana iya zana hotuna a kwali na abubuwan da kowa ya sani, rijiya, rumbu, garke, tashar mota, turmi, goyo, a baje su a tabarma a buɗe, ba a kife ba, a ce ta ɗauki wanda ya fi kama da halin da take ciki. Buɗewar nan ita ce bambancin. Abin da aka kife aka ja da ka ya zama neman rabo, kuma nan da nan za a ce asibiti ta fara duba. Abin da mutum ya zaɓa da idonsa kuwa magana ce kawai. Ma'aikaci ba zai fassara ba, ba zai ce ya ga komai ba, ba zai karɓi ko dala ba.

Ƙissoshin annabawa kuma ba mallakar mai duba ba ne. Malamar Islamiyya ko limamin unguwa sun fi shi cancantar su tambayi mai takaba, cikin watanninta huɗu da kwana goma, wace ƙissa ce ta fi tsaya mata a rai, su yi shiru su saurara. Wuyar aikin tana wajen shirun, don an saba da wa'azin da ke amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Kafin a buga ko kwali ɗaya, a fara kai shi gaban malaman garin da unguwarzoma da ardo-ardon Fulani da shugabannin Buzaye, domin hoton garke da zai buɗe bakin manomin Kornaka yana iya zama wanda makiyayin da ya rasa nasa a 2010 ba zai iya ko kallo ba.